Tufkar Habsu Bahaguwa

In ka ce wa yaran yanzu tsamiya sai su ɗauko ludayi, sun zaci kunu za a sha. To ba ita nake nufi ba. Tsamiyar da nake nufi zare ce, alharinin ƙasarmu. Wasu tsutsotsi ne masu gashi ke taruwa a jikin itacen doka ko na tsamiya, su saƙa wa kansu gida guda kamar jakar fata, su shige ciki. Wannan gidan ake ɓamɓarowa a dafa shi da ruwan toka har danƙonsa ya fita, a wanke, a shanya, a yayyage shi da yatsu, a kaɗa da mazari. Abin da mazari ya ba ka sili ɗaya ne, kuma sili ɗaya ba ya aikin riga, allura na jan sa zai yi gashi ya tsinke. Sai an haɗa sili biyu an murɗe su tare, a juya su baya da yadda aka juya su wurin kaɗi, kowanne ya riƙe ɗan'uwansa. Shi ne tufka. Da tufkakkiyar tsamiya ake yi wa babbar riga aiki a ƙirji, kuma riga kan mutu ta bar zaren da ransa.

A duk ƙasar Bukkuyum ban san macen da ta kai Habsu ta Zugu iya tufka ba. Ni Rabi na san su duka, don dillanci nake yi tun haƙorana na cike, babu gidan da ban shiga da kwandona ba.

Tare muka tashi da ita. Bahaguwa ce, kuma a zamaninmu wannan laifi ne. Innarta ta doke ta, ta ɗaure mata hannun hagu a baya da tsumma, ta kai ta wurin malam ya yi tofi. Habsu ta koyi cin tuwo da dama, ta koyi karɓar abu da dama, amma mazari ya ƙi. In ta murza shi da dama sai ya yi ta layi kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Inna na juya baya za ta mayar da shi hagu, ya tsaya cak yana juyawa har ka rantse ba ya motsi. Daga ƙarshe uwar ce ta gaji.

Aka yi mata aure da Mu'awiya, manomi, mai shiga daji neman zuma da rani. Shi ya fara kawo mata gidajen tsutsa a cikin taiki. Aikin tsamiya ba na ragguwar mace ba ne. Gashin tsutsar nan in ya taɓa ka sai ka yi susa har jini, ruwan toka kuma ya cinye maka gefen farce. Habsu ba ta damu ba. Ta fitar da zare siriri, sumul, babu kumburi babu ƙulli tun daga farko har ƙarshe. Na ɗauka ina taƙama na kai wa masu ɗinkin hannu a Bukkuyum.

Kasuwa na zagayowa suka maido mini da shi.

Ɗaya ya ce zaren yana buɗewa a allura. Wani ya ce bai kai rabin zira'i ba silin suka rabu kamar an yi musu faɗa. Wani mai dogon gemu da ya ji bahaguwa ce ta yi shi sai ya goge hannunsa a riga, ya ce ai dama aikin hagu ba ya da albarka. Na ce masa albarkar da ke cikin ɗinkinsa ita ta sa wuyan rigar da ke jikinsa ya karkace. Bai sake sayen kome a wurina ba, ni ma ban yi kewarsa ba.

Abin da ke faruwa ga shi. Duk sanda maɗinki ya soka allura ya zaro, yatsunsa kan ɗan murza zaren ba da saninsa ba. In na-dama ne ya riƙe zaren da mace mai dama ta tufka, wannan murzar ƙara masa ƙarfi take yi. Zaren Habsu kuwa baya yake tafiya, kaɗinta baya, tufkarta baya, don haka kowace suka kwance shi take yi. A lokacin ba wanda ya tsaya ya gane haka. Sun ga bahaguwa, sun gama magana.

Da na gaya wa Habsu, ban ga hawaye ba. Ta karɓi zaren ta miƙe shi a hasken rana, ta ce, "Zaren ga ba shi da laihi. Hannuwansu na ba su dace da shi ba. Aje shi cikin kwandonki, mai shi na nan."

Ya daɗe a kwandon nan ƙarƙashin daddawa da sabulun salo. Wata rana na je Gummi cin kasuwa, na ratsa ta rumfar maɗinka. Can gefe na ga wani siririn mutum zaune shi kaɗai yana aikin riga yana tsaki. In ya yi 'yan suka kaɗan sai ya tsaya, ya ɗora zaren a cinya ya sake murɗa shi, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Abokansa sun yi nisa, shi yana wuri ɗaya. Na tsaya ina kallonsa don ban da aikin yi, sai na ga allurar a hannun hagu take.

Na ce, "Malam, kai da zaren ga wa yaz zagi uban wani?"

Ya ce, "Baiwar Allah, in ba saye za ki yi ba, matsa min daga haske."

"Saidawa za ni yi." Na zaro na Habsu na jefa masa a cinya, yana warin daddawa.

Ya shinshina ya yamutse fuska. Ya zura a allura don dai in tafi in ba shi wuri. Ya soka, ya zaro. Ya sake. Ya yi ta tafiya har ya gama layi guda bai kai hannu cinya ba ko sau ɗaya. Sai ya ɗago ya dube ni kamar ni na sauko daga sama.

"Wa yay yi wanga?"

Na ce, "Irinka ta. Da hagu aka halicce ta."

Makau ke nan, wanda daga baya duk Gummi ta san shi da Makau Bahago. Tun daga ranar nan bai sake taɓa zaren wata ba, ita ma ba ta sake tufka wa wani ba. Wanda ake yi wa dariya don jinkiri ya zama shi ake jira. Rigunansa sun je Anka, sun je Sakkwato, sun shiga gidajen da ni ko zaurensu ba a bari na zauna ba. Masu gemun nan na Bukkuyum suka aiko suna neman zaren da Makau ke aiki da shi. Habsu ta ce in gaya musu su fara koyon cin tuwo da hagu.

Abin da zai ba ka mamaki, tun suna da baƙin gashi har suka yi furfura ba su taɓa ganin juna ba. Ita tana cikin gida a Zugu, shi yana rumfa a Gummi, ni ce hanyar. Kuma ba su taɓa aika wa juna kalma mai daɗi ba. Shi ya ce, "Ki ce mata wanga karon ta yi rowar murɗi." Ita ta ce, "Ki ce mishi idonai na yat tsuhwa, ba zarena ba." Ni kuma in ƙara gishiri a hanya, don saƙon da ba yaji nauyi yake yi mini.

Sau ɗaya ta nemi abu a wurinsa. Ta tara zare mafi kyau da ta taɓa yi, ta ce a yi wa maigidanta riga, tunda shi ke shan ƙaiƙayin daji. Makau ya yi masa aska takwas, adon nan na ƙirji mai tsini takwas. Mu'awiya ya sa ta ranar Salla ya tafi idi yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko ƙwai a ka. Duk Salla ita yake sawa, duk ɗaurin aure, duk suna, har kafaɗunta suka lashe. Allah ya yi masa rasuwa kafin daji ya lalace, bai ga abin da muka gani ba.

Tsufa ya zo wa Makau ta ido. Ya fara neman ramin allura da lalube. Aka kai shi asibiti, likita ya ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce, hasken zai yi ta raguwa har ya ƙare. Ya dawo ya kira ni. Ya ce duk rayuwarsa yana yi wa ƙirjin wasu ado, shi kuwa bai taɓa sa rigar tsamiya ba. Yana so ya yi wa kansa guda kafin duhu ya rufe, ya sa ta ya je Juma'a. Ya ce in tambayi Habsu ko za ta ɗauki zaren rigar gaba ɗaya, don ya san maza sun daina shiga dajin doka saboda 'yan bindiga.

Habsu ta leƙa tukunyar da take ajiye gidajen tsutsa, ta ga akwai saura daga na da. Ta ce, "Ki ce mishi shi hwara. Ban taɓa barin riga rabi ba."

Ta tufka kashin farko na kai masa, ya fara. Kashi na biyu yana cikin tukunya ba a dafa ba ranar da 'yan bindigar suka shigo mana Zugu. Ba zan tsaya ba da labarin ranar ba, wanda ya gani ya gani. Ɗakin Habsu na cikin waɗanda suka ƙone. Ta fito da zanen da ke jikinta da ƙunshi ɗaya, a ciki akwai mazarinta da rigar Mu'awiya. Ɗanta na fari, Lirwanu, mai gyaran babur a Anka, ya zo ya ɗauke ta. Ni ma can na bi ɗiyata.

A Anka Habsu ta zama wata iri. Matar da ban taɓa gani hannunta ba kome ba, ga ta zaune bakin ɗaki tana korar ƙuda. Matar Lirwanu yarinya ce mai kirki, amma ba ta san wadda ke zaune a gidanta ba, ta ɗauka tsohuwa ce kawai da za a ba fura. Maƙwabta kuwa 'yar gudun hijira suke ce mata.

Da hanya ta ɗan lafa na hau mota na je Gummi. Na tarar da Makau an fito da shi tsakar rana, don a rumfa ba ya gani. Rigar na cinyarsa, gefe ɗaya na ƙirjin ya cika, ɗayan fari fat sai zanen da ya yi da tawada. Zare ya ƙare, saura ɗan guntu. Ya gwada silikin kanti, ya buɗe masa a hannu, ga shi da ƙyalli kamar ledar alawa, ya warware ya zubar. Ya ce da a ce yana da ido kamar da, da ya bi shi da murɗa a cinya, amma yanzu hasken da ya rage masa ba zai kai shi ba.

Ya ce, "Na ji abin da yas same ku. Ki ce mata na yahe. Kar ta damu da riga."

Ban taɓa kawo saƙo mai laushi daga bakinsa ba sai ranar. Na ɗauko guntun zaren da ya rage na taho da shi, ban ma san dalili ba.

Na isar da saƙon yadda yake, ban ƙara kome ba. Sai Habsu ta ce, "Ya yahe? Ni yaka yahe ma? Mi ni ci nashi?" Ta tashi tsaye, abin da ta daɗe ba ta yi da sauri haka ba. "Ni ce mishi shi hwara, ya hwara. Ba bahagon Gummi na za ya tausaya min ba."

Muka shiga neman gidajen tsutsa. Na tambayi masu itace, na tambayi Fulanin da ke kawo nono, na tambayi baƙin nan masu haƙar zinari da ke kwana a daji. Wani cikinsu ya yi alkawari, ya dawo mini da sheƙar tsuntsu a leda yana murmushi. Masu itacen kuwa sun ce wurin da itatuwan dokar suke, ko mai neman kabarin ubansa ba ya zuwa.

Wata safiya na shiga gidan na tarar da ita ta shimfiɗa rigar Mu'awiya a tabarma, allura a hannun hagu. Lirwanu na tsaye kanta, ya fasa fita aiki.

Yana cewa, "Inna, don Allah. Ita kaɗai ta rage muna ta Baba. Gida ya tahi, gona ta gagara, wagga ma ki kwance ta? Don wani mutum da ko ganinai ba ki taɓa yi ba?" Ya juyo gare ni. "Gwaggo Rabi, ki yi mata magana."

Na ce ni tun muna yara ban taɓa yi mata magana ta ji ba.

Habsu ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wanga, zamna." Ya durƙusa. Ta ɗaga kafaɗar rigar ta zura yatsa ta wata huda. "Ƙyallen ga na ubanka na, shi yas saye shi, kuma ga shi ya bi shi. Zaren ga nau na. Ni daha shi, ni kaɗa shi, ni tufka shi ina goye da kai. Ja ka ji." Ta zaro wani sili ta miƙa masa. Ya ja, ya ƙara ja, zaren ya shiga naman yatsansa bai tsinke ba. "Abin da ad da rai ba a aje shi cikin ƙunshi asu shi ci. Ubanka ya bar maka hancinai da taurin kainai, ba su ishe ka ba?"

Lirwanu ya yi dariya ido na ruwa. Ya tashi ya fita, bai ce ya yarda ba, bai kuma hana ba.

Warware aska takwas ba wasa ba ne, musamman ɗinkin Makau da ba ya barin sako-sako. Suka ɗaya-ɗaya ta bi da bakin allura tana zagin sa. "Dibi yadda yad danne nan, awa mai ɗaure ɓarawo." Zaren ya fito a lanƙwashe, guntu-guntu. Ta jiƙa shi a ruwan ɗumi ya saki jiki. Ta raba silin, ta yayyage bakin kowane guntu ta haɗa shi da na gaba da murza, ba ƙulli, sannan ta sake tufkawa. Mazarin nan da ya yi watanni a ƙunshi ya tsaya cak yana juyawa. Matar Lirwanu ta bar wanki ta zo ta tsuguna, matan maƙwabta suka cika ƙofa. Wadda ta fi kowa kiranta 'yar gudun hijira ita ce ta ce a bar ta ta taɓa.

Saura abu ɗaya. Tsohon zare ya sha wanki ya yi fari, sabon da ke jikin rigar Makau kuwa yana da ɗan duhun ƙasa. Na ce ta bar shi haka, ai mutumin ba ya gani. Ta dube ni kamar na yi tusa a masallaci. Ta ce, "Shi ba ya gani. Mutanen Juma'a hwa?" Ta karɓi guntun nan da na taho da shi, ta jiƙa bagaruwa, ta yi ta tsoma zaren tana shanyawa tana gwadawa a rana, har na kasa bambanta su.

Na kai wa Makau. Ban gaya masa inda zaren ya fito ba. Ya ja zaren tsakanin yatsunsa, ya tsaya, ya sake ja.

"Wanga ya taɓa bin allurata," in ji shi. "Rigar wa tak kwance?"

Na gaya masa. Sai ya ce in zura masa allura, rana na tafiya.

Ya gama ta kafin ruwan farko. Ƙarshen aikin ma an ce da yatsa ya yi shi, ba da ido ba. Ya sa ta ya je Juma'a a Gummi. Bayan kwana kaɗan sai ga babur ya tsaya ƙofar gidan Lirwanu a Anka, aka sauko da wani siririn tsoho cikin babbar riga, ana riƙe da hannunsa. Ya ce a yi masa sallama da mai zare.

Habsu ta yafa mayafi ta fito zaure. Suka gaisa kamar kowa da kowa, ya yi mata jaje, ta yi masa sannu da ido. Sai ta matsa ta kama ƙirjin rigar ta juya bayan ɗinkin, don a nan ake gane maɗinki. Ta duba sama, ta duba ƙasa.

Ta ce, "Ba laihi."

Makau ya ce, "Rabi, kin ji? Tun ina saurayi nika bin zarenta, yau na samu ba laihi."

"Ka gode Allah. Nan wajen ka ɗan karkace."

"Nan wajen makaho yay yi shi, Hajiya."

"To makahon ya hi mai idon."

Lirwanu na tsaye gefe da baƙin mai a hannu. Makau ya ji motsinsa, ya ce ɗan Mu'awiya ne? Ya ce shi ne. Makau ya ce ya goge hannu ya matso. Ya kama yatsunsa ya ɗora a ƙirjin rigar, ya bi da su daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ya ce, "Daga nan zuwa nan, na ubanka na. Ubanka ya sake zuwa Juma'a."

Tsohon ƙyallen yana wurin Lirwanu, ya ninke shi a akwati. In ka ɗaga shi a rana za ka ga aska takwas ɗin nan duka, ramukan allura sun riƙe zanen. Habsu kuwa tana nan Anka. Auduga take kaɗawa yanzu don hannu kar ya mutu, kuma duk wanda ta ji zai yi kudu sai ta sa an tsayar da shi ta kwatanta masa yadda gidan tsutsa yake, kar ya kawo mata sheƙar tsuntsu. A unguwar ba mai ce mata 'yar gudun hijira. Inna mai tsamiya suke cewa, kuma in za su miƙa mata mazari, hannun hagu suke sa mata.